Rabin Gonar da Ban Shuka Ba

Shekarar da munka ci anza ina da shekara goma sha tara, kuma ba abin da nike so awa in bar garinmu. Ƙauyenmu shina tsakanin Sabon Birni da Isa, gefen gulbi, amma damana biyu ke nan gulbin bai kawo ruwan da za shi jiƙa gwiwar jaki ba. Damanar farko gero yay yi ciki yat tsaya nan. Ta biyu ko cikin bai yi ba. Wanda bai san anza ba ya gode Allah. 'Ya'yan wani ɗan icen daji ne, ɗaci gare su na fitar hankali, sai an jiƙa su kwana huɗu ana sauya ruwa sannan a dafa. In ka ci, ciki shina cika, ƙafa ba ta ɗaukarka.

Na bar makaranta a aji biyar. Ba korata anka yi ba, zama wuri ɗaya ne ban iyawa. Na yi dako a kasuwar Sabon Birni, na yi wata uku wurin mai facin keke, na bi masu kai albasa ƙetaren iyaka, duk nib bari. Inna kan ce ƙafata ƙaiƙayi gare ta tun ina ciki.

Mu masu bin Yesu ne, gida biyar a ƙauyen duka, da ɗan ɗakin sujada na laka wanda in mun cika shi ba mu kai mutum talatin. Baba ne yak kawo wannan hanya gidanmu. Kuturta tak kama shi shina saurayi, danginai sunka yi mishi bukka bayan gari, daga baya yat tafi asibitin mishan yay yi shekara shida can. Ya dawo da Inna, da baftisma, da lafiya, amma yatsu sun tafi. Dungu ne a hannu biyu. Ƙafafunai kuma ba su jin komi, ko ƙaya ko wuta. In za shi gona, Inna ce ka ɗaure mishi ƙotar sungumi a wuyan hannu da tsumma, ta ja da haƙori ta ƙulle.

Abu ɗaya yar rage muna a gidan, shi ne tukunyar iri. Gero ne na gidanmu, mai saurin nuna, tun na kakana. Baba ya zaɓi zangarniya mai kyau tun shekarar da anka samu, Inna tas sussuke, anka gauraya da toka, anka liƙe bakin tukunya da laka. Tiya uku ne. Mun sai da akuya, mun sai da ƙofar kwano, mun ci tafasa har bakinmu yay yi kore, ba wanda yat taɓa tukunyar nan. Hatsin da aka kawowa daga kudu ana ci, amma in ka shuka shi a ƙasarmu ruwa na ɗaukewa shina ganye. Jar dawar agaji kuwa ko tsirowa ba ta yi da kirki. Shi ya sa a shekarar nan irin gari ya fi komi daraja.

Akwai wani direba mutumen Isa, mai babbar mota, shina zuwa Ƙaura inda jirgin ƙasa yake. Na sha yi mishi lodi. Ran nan nic ce mishi ya tafi da ni.

Yad dube ni sama da ƙasa yac ce, “Da wane aljihu, ɗan kuturu? Wanga naka ko iska ba ta kwana ciki.”

Nic ce za ni yi mishi aiki a hanya.

Yac ce, “Masu aiki sun yi man yawa. Amma an ce tsohonka na da iri na gari. Ni ma gona gare ni. Kawo man ko tiya guda da rabi, in kai ka Ƙaura, in haɗa ka da wanda za shi sa ka jirgi.”

Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Amma maganar ta shiga.

Da bazara tay yi nisa, gabas taf fara haɗa hadari tana watsewa, sai Baba yac ce binne za mu yi. Binne shi ne a shuka iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya zauna can shina jira. In ruwan farko yaz zo da ƙarfi, ka riga kowa. In yayyafi ne kawai, ya tada irin ya bar shi ga rana, ka yi hasara duka. Baba na da hujja. Da hannunai, in ya jira ruwa, kafin ya gama saran rabin gona laima ta tsere.

Nic ce, “Baba, in ɗan yayyafi yaz zo ya tada shi ya wuce fa?”

Yac ce, “To, na Mai shi na.”

“Mai shi ɗin nan shekara biyu muna roƙonai.”

Inna tad daka mini tsawa, tac ce in wanke bakina. Baba bai yi fushi ba. Yac ce, “Shekara shida niy yi ina roƙonai yatsuna. Bai ba ni ba. Ya ba ni uwarka, ya ba ni kai mai gardama. Gobe da sassafe.”

Da safe yas sa munka durƙusa gaban tukunya, yay yi addu'a cikin sunan Yesu, doguwa, har gwiwata tag gaji. Inna taf fasa lakar, taz zuba irin a burgami, jakar fata, tad ɗaure mishi sungumi, ita kuma tab bi mata daji neman anza. Saura ni da shi.

Yadda aka yi, mai sungumi shina gaba, kowane taki ya sari ƙasa. Mai iri shina biye da ɗan ƙoƙo a hannun hagu, ya tsinci iri da yatsu uku ya jefa a ramin, ya rufe da diddige. Baba ba shi iya tsintar iri, don haka iri a hannuna yake. Ranar farko niy yi gaskiya. Mun shuka ɓangaren da ke wajen tsamiya, ina jefawa ina jin kamar tuwo nike zubarwa a rairayi. Ƙasar ta yi zafi har tafin ƙafata ya ɗuri ruwa. Shi ko Baba tafiya kawai shike, bai san tana ƙona shi ba.

Rana ta biyu munka koma ɓangaren kuka. Mun fara daga gabas muna yin yamma, hantsi na bayanmu. A layi na uku nik kai hannu ƙoƙo, nit tsinci iri, sai nis sake shi cikin ƙoƙon, nir rufe ramin da diddige. Ba abin da yaf faru. Baba shina gaba, bayan rigatai ya jiƙe da zufa, shina 'yar waƙar sujada ƙasa-ƙasa. Rami na gaba ma haka. Da farko ina kai hannu ina kwaikwayon jefawa. Da tafiya tay yi tafiya, ko kwaikwayon nib bari, rufewa kawai nike. Haka munka gama ɓangaren kuka duka, kwana biyu, shi shina sara da dungunai har tsumman ya yanke mishi fata, ni ina binne wofi. Da yaz zauna hutawa, niz zagaya bayan kuka, niz zuba irin a gora, nit toshe bakin da tsumma, nit tura cikin kogon icen. Nik kaɗe mishi burgamin a gabanai don ya ga ya ƙare.

Yac ce, “Madalla. Mun yi namu.”

Na gaya wa kaina ba sata ba ce. Nic ce abin da za a ba rana ta ƙone, gara ya kai ni inda za ni samo aiki in aiko musu hatsi. Wani lokaci har in yarda da kaina.

Motar direban ta lalace a hanyar Shinkafi, tay yi kusan wata tana jiran ƙarfe, shi ya sa ban tafi nan da nan ba. Ina nan ruwa yas sauka. Ba mai yawa ba ne, amma bayan shekara biyu ko ƙamshin ƙasar ya isa ya sa mutum kuka. Gari duka anka fita shuka, masu ɗan iri sunka zuba abin da ke gare su. Kwana huɗu gonarmu taf fito. Ɓangaren tsamiya layi-layi, kore shar. Ɓangaren kuka fari fat, sai sawun diddigena.

Ban yi tunanin wannan ba. Wallahi duk wayona ban taɓa kawowa a raina cewa gona za ta faɗi da bakinta ba. Inna tat tsaya tana tafa hannu tana cewa gara ce, ko ɓeraye, ko irin ne ya mutu. Baba yab bi layi ɗaya tun daga farko har ƙarshe, yat tona rami guda da dungunai, yad duba, yam mayar da ƙasar. Yac ce mu je gida rana ta yi.

Daga nan sama tar rufe. Kwana goma, sha biyar, ashirin. Musulmin gari sunka fita roƙon ruwa da riguna a juye, da yara da dabbobi. Mu ma munka yi azumi kwana uku a ɗakin sujada, ko da yake mai bishararmu da kansa ya ce azumi da rashin abinci a bana sai Allah ka iya rarrabe su. Ina kallon tsiron nan kullum. Ya fara naɗewa da rana shina buɗewa da safe, daga baya ya bar buɗewa. Ranar da iska mai zafi tat taso da rairayi, kafin la'asar ɓangaren tsamiya ya koma daidai da ɓangaren kuka.

Abin da nif faɗa ya faru, amma ban ji daɗin komi ba. Gajiya kawai. Kuma ga gora a kogon kuka, kusan ita kaɗai ce irin da yar rage a unguwarmu. In na fito da ita, na faɗi abin da niy yi. In na yi shiru, ga jirgi. Saƙo ya zo cewa mota ta gyaru, za ta tashi ranar kasuwar Isa da azahar.

Ranar da safe nid ɗauko gorar nis sa cikin buhu da 'yan tsummokarana. Da nid dawo gida sai nig ga Baba ya sa farar rigatai ta zuwa sujada, ga shi ba Lahadi ba. Inna na naɗe mishi ƙafa, don ƙunar da yas samu wurin binne ta zama gyambo. Yac ce za shi wurin Baffa roƙon iri.

Baffa wan Baba ne, malami, shina da makarantar allo a wani gari dab da Isa. Ba su yi gaba ba, ana gaisawa a suna da jana'iza. Amma tun da Baba yad dawo daga mishan bai taɓa roƙon ko allura a gidan nan ba, kuma kowa ya san dalili. Baba yad dubi buhuna bai tambaye ni ba. Yac ce, “Hanyarmu ɗaya, riƙa man.”

Tafiyar da nike yi kafin hantsi ya yi zafi, sai da taƙ ƙwace muna rabin yini. Shina dafe da kafaɗata, gorar na bugun bayana a kowane taki. Mun ishe Baffa a zaure, ya rame har rawani ya yi mishi yawa. Makarantar shiru, ya sallami kowa don ba abin ba su.

Bayan gaisuwa Baffa yac ce, “Yau wace rana, ƙanena? Ko an yi rasuwa ban ji ba?”

Baba yac ce, “Gona ce tam mutu, Yaya. Iri niz zo nema.”

Baffa yay yi dariya har tari yas sarƙe shi. “Kai da kab bi Nasara, ba su jeho maka iri daga jirgin sama ba?”

“Sun aiko jar dawa. Jakin maƙwabcina ya shinshina ya kau da kai.”

“Ashe jakin ya fi mu zuciya, mu mun ci.”

Sunka yi dariya su biyu, ta tsofaffi masu yunwa. Sannan Baffa yat tashi yas shiga cikin gida. Ya daɗe. Muna jin muryar iyalinai sama-sama, ba daɗi. Yaf fito da ɗan ƙoƙo, iri a ciki bai kai cikin tafi huɗu ba, yaz zauna, yas sa gefen hannu yar raba shi biyu a kan buzu.

Yac ce, “Shi ke nan abin da yar rage. Ga naka, ga nawa. Ka roƙa ta wajenka, in roƙa ta wajena.”

Baba yam miƙa dungunai biyu a haɗe, irin na zubewa ta tsakani don ba yatsun tarewa. Baffa shina tsincewa ƙwaya-ƙwaya daga gashin buzu shina mayar mishi. Ni ina zaune a bakin zaure a kan buhun da ke da ninkin abin nan ban san sau nawa ba.

Baffa yaj juyo gare ni. “Kai kuma sarkin yawo, ina zuwa da buhu?”

Nic ce, “Rakiya niy yo, Baffa.”

Da munka fito, mararraba na nan gaba kaɗan. Dama tasha, hagu gida. Ina jin ana ta da mota, ina jin direban na kiran Ƙaura. Baba yas sake kafaɗata yac ce, “Za ni iya kai kaina.” Yaf fara ɗingishi, irin Baffa ƙulle a bakin rigatai. Na tsaya har yay yi nisa. Ba zan ce wani haske ya sauko mini ba, ko na ji murya. Tsumman ƙafatai ne nig ga ya kwance shina ja a ƙasa, da jini, shi bai sani ba. Nib bi shi don in ɗaure, da nid ɗaure kuma ban koma ba.

Sai da munka kai gindin wata bagaruwa nic ce ya zauna. Nik kwance buhu, nif fito da gorar, nic cire tsumman, niz zuba kaɗan a tafina. Na shirya magana tun daga mararraba, amma abin da yaf fito kawai shi ne, “Ɓangaren kuka ne. Ba gara ba ce.”

Yac ce, “Na sani.”

“Ranar da kat tona ramin?”

“Tun ranar shuka. Hantsi na bayanmu, inuwarka na gefena. Ina ganin hannunta ya bar zuwa ƙoƙo.”

Nij ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Nic ce, “Kuma kac ci gaba da sara? Kwana biyu?”

Yac ce, “To mi za ni yi? In na juyo, ka zuba don kunya, gobe ka tafi ba sallama. Ƙarfin faɗa kuma ban da shi. Sai nic ce, Ubangiji, bari shi jefa a rami na gaba. In na sara, in ce to na gaba. Haka har gona taƙ ƙare.”

Ban iya duban fuskatai ba. Hannunai nid duba, inda tsumman sungumi yay yanke shi, sawun bai gama warkewa ba.

A gida Inna tas saurara har ƙarshe, tar rungume gorar awa jariri, sannan tad ɗauki muciya tab buga mini a baya sau biyu. Tac ce, “Yau ga ikon Allah, ɓarawo ya yi muna ajiya!” Na so in laɓe bayan wannan magana, nic ce ai da ban ɓoye ba da duka ya ƙone. Baba yac ce, “A'a. Kada ka haɗa. Abin da kay yi daban, abin da Shi yay yi da shi daban. Naka ka kai mishi ka roƙi gafara.” Washegari yas sa nim mayar wa Baffa irinai, da ƙarin cikin ƙoƙo guda daga gorar. Sauran gida huɗu na masu bi da maƙwabcinmu mai jaki kowa ya samu ɗan abin da za shi jefa. Ina kallo ana rabon jirgina.

Wannan karon ba mu yi binne ba. Kwana tara munka jira, kowace safiya Inna na girgiza gorar ta ji ko tana nan. Sannan ruwa yaz zo na gaske, da tsakar rana, har katangar ɗakin sujada taz zube gefe guda. Irin da yar rage bai kai ko'ina ba, ɓangaren kuka kaɗai yac cika, shi ma da ƙyar.

Damanar ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, mun samu dami bakwai a gonar da ke ba da arba'in. Baba yak kai guda ɗakin sujada ranar godiyar kaka, yaz zaɓi zangarniyar iri ta baɗi tun ba a ci ko tuwo ɗaya ba, sauran kuma bai kai mu tsakiyar rani ba. Anza dai munka koma. Na tafi a ƙarshe, bayan kaka, a bayan wata mota daban, Baba ya ɗora mini dungunai a kai ya yi addu'a. Shekara uku bayan nan ciwon ƙafar nan yat tafi da shi ina kudu ina dako, ban samu jana'iza ba.

Har yau addu'ata gajera ce, kuma sau da yawa ina yin ta ne ba tare da na ji komi ba. In ta yi mini nauyi, safiyar da munka sake shuka ɓangaren kuka bayan ruwan nan nike tunawa. Inna ta ɗaure mishi sungumi, ƙasa ta yi sanyi a ƙafa. Nic ce, “Baba, mu fara daga yamma mana.” Ban son inuwar nan. Yac ce daga gabas anka saba. Munka fara daga gabas. Inuwata na gefenai tun layin farko har na ƙarshe, ni ina kallonta tana kai hannu ƙoƙo tana jefawa, shi kuma ko sau ɗaya ban ga ya karkata kai ya dube ta ba.